Akushin Malam Katinus

A Jega, idan ka ce kana neman Malam Attahiru, za a tambaye ka wanne. Amma ka ce Malam Katinus, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo gari jiya zai sauke ka a ƙofar gidansa, can bayan kasuwar hatsi.

Sunan ya samo asali tun yana yaro. Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai aka kai shi sakandare, inda wani Bature mai dogon wuya yake koyar da Latin, harshen Rumawan dā, wanda su kansu Rumawan suka gaji da shi suka ajiye tun ba a haifi kakan kakan Baturen ba. Littafin da ake karantawa ya fara ne da babin cin abinci: wani maigida Barume ya kishingiɗa, bayi suna ta jera masa kwanuka. Babi na gaba shi ne na yaƙi, na bayansa na mulki. To, ana gama babin abinci zazzaɓi ya kayar da Baturen, aka sa shi a jirgi, ba a kuma aiko wani ba. Saboda haka Rumawan Malam Attahiru ba su taɓa yin yaƙi ba, ba su gina birni ba, ba su ci ƙasar kowa ba. Abinci kawai suka ci, har yau kuma suna nan kishingiɗe ba su tashi ba.

Abin da ya fito da shi daga makarantar bai cika tafin hannu ba, amma ya ishe shi guzuri har tsufa. Kwano mai zurfi sunansa katinus. Mai faɗi fatina. Babban farantin baƙi lankis. Ludayi turulla. Da wannan dukiya ya yi aikin koyarwa a firamare, daga Maiyama zuwa Sabiyal, daga Sabiyal zuwa Kashin Zama, har ya yi ritaya ya dawo gida. Ko darasin lissafi ya fara, ko na tsabta, a kan kwano ake tashi. Akwai dattawa yanzu a kasuwar Jega, da furfura a gemu, waɗanda ba su iya raba goma gida uku ba, amma ka ɗaga musu ludayi ka ji sun ce turulla baki ɗaya.

Aƙidarsa guda ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a dakalin ƙofar gidansa ya haddace ta ko bai so ba.

"Al'umma ga mazubinta aka gane ta," haka yakan ce. "Rumawa kowane abinci da kwanonai. Mu ma dauri haka muke. Tuwo akushi, hura ƙwarya, kunu ƙoƙo, a ruhe da hwaihwai. Yanzu fa? Kula! Tuwo kula, shinkahwa kula, kunu kula, ƙanƙara kula. Abin da ba ya da aiki guda, ba ya da asali."

Shi kuwa nasa katinus ɗin akushi ne, gādon mahaifinsa, wanda shi ma ya gada. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi kamar goshin ango, man shanun mutum uku ya ratsa shi. A ciki yake cin tuwo kullum, kuma ba a wanke shi da sabulu. Ruwan ɗumi, sai a goge, sai a shafa mai, sai a kife a kan rumbu inda hannun kowa ba ya kaiwa sai na Balaraba.

Balaraba ita ce matarsa, kuma ita ce kaɗai ɗalibar da ta zauna a ajinsa fiye da shekara arba'in ba ta koyi komai ba. Da gangan. Idan ya ce a miƙo masa turulla, sai ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Malam, ba mu da baƙuwa mai wanga suna." Tana da kula guda, ja, da ta saya a ɓoye ta ajiye ƙarƙashin gado kamar kayan sata. Malam ya san da ita. Ita ma ta san ya sani. A haka auren ya zauna lafiya.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne auren autarsu, Amatullahi. An kai ta Aliero, gidan Alhaji Kalilu, babban manomin albasa, ta auri ɗansa Shafi'u. Da ƙaramar Sallah ta farko ta zo, ya zama dole iyayen amarya su aika da tuwon Sallah gidan surukai, kamar yadda aka saba. Balaraba ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe da ta ji nama, sannan ta durƙusa ta jawo jar kularta.

"Mi za ki yi da wagga?" in ji Malam daga bakin ƙofa.

"Wanka za ni yi mata. Tuwo za ni zubawa, Malam, mi kag gani?"

"Tuwon surukaina? Cikin roba?"

"Cikin abin da za ya kai shi Aliero da zahi."

"Barume in za ya girmama baƙo, kwanon da shika ci shika aika mai. Ɗauko akushi."

Balaraba ta miƙe, ta riƙe ƙugu. "Malam, su mutanen ga ba Rumawa ba na. Albasa suka nomawa. Gidansu har mai gadi kula tai uku. Ka aika musu itace, su ce mun rasa."

"Su ce mun gada."

"To, Allah shi sa su san bambancin."

Malam ya yi nasara, kamar yadda yakan yi duk lokacin da Balaraba ta ga faɗuwarsa a gaba ta ga bai kamata ta tare masa hanya ba. Aka zuba tuwo a akushi, aka kwarara miya da man shanu, aka rufe da sabon faifai, aka ɗaure da zane. Aka kira Ɗantsoho, maƙwabcinsu mai kabu-kabu, magidanci mai 'ya'ya shida da baki ɗaya wanda ya fi su duka aiki. Malam ya yi masa huɗuba a kan yadda ake riƙon katinus, ya raka shi har bakin titi, yana kallo har babur ya ɓace.

Bayan la'asar Ɗantsoho ya dawo. Tun daga nesa aka ga bayan babur ɗinsa ya yi tozo. Ya sauke wani ƙaton kwali a tsakar gida, yana dariyar da ta fi ƙarfin bakinsa.

"Baba Malam, arziki ya zo! Alhaji ya ce a gaishe ka da kyau da kyau. Ya ce zumunci ya wuce haka, in da wata matsala a dinga hwaɗi, an zama ɗaya."

Balaraba ta buɗe kwalin. Kuloli ne sababbi, saiti guda, babba da ƙannenta, ruwan gwal, kowacce da murfi mai maɓalli.

Malam ya leƙa cikin kwalin. Ya leƙa bayan babur. Ya zagaya Ɗantsoho kamar mai duba ragon layya.

"Ina akushina?"

"Wane? Au, baƙin nan? Ai can nib baro shi. Da anka kwance zane, matan gida sunka taru kai, shiru kamar an yi rasuwa. Sai wata tac ce, Allah sarki, ashe haka abin yake. Sai Alhaji yas sa anka tahi kasuwa."

Balaraba ta ɗauki babbar kular, ta goge ta da gefen zane, ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa don ta ji ƙarar maɓallin. Da ta yi magana ma da ya fi wa Malam sauƙi.

Daga ranar ya shiga halin da bai taɓa karantawa a babin abinci ba. Akushi yana Aliero, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba. Amma namiji ba ya aikawa gidan da 'yarsa take aure ya ce a ba shi kwano. Balle kwanon da aka musanya masa da saitin kuloli. Wannan ba rowa kaɗai za a kira shi ba, har da raina kyauta. Ya ce Balaraba ta kira Amatullahi a waya ta yi mata maganar a hankali.

"In ce mi? In ce ta tahi wurin uwar mijinta ta ce tsohona na biɗar itacenai? Ɗiyata ko wata ukku ba ta yi ba ka so a sa mata suna? Kai da kag girmama su, ka jira su girmama ka."

Sai ya jira. Ya ƙi cin tuwo a kula, ya ƙi ci a kwanon silba. Ya koma shan fura a ƙwarya safe da yamma, ya ce dama Rumawa sukan rage ciki don lafiya. Rumawa dai ba su da bakin musu. Wuyansa ya fara kama da na Baturen da ya koyar da shi. A dakali kuwa labari ya riga ya kai, domin Ɗantsoho ba ya ɗaukar fasinja sai ya ɗora masa shi kyauta. Tsofaffin ɗalibansa suka dinga tsayawa gaisuwa da ladabin da ba su yi ba suna aji.

"Malam, ina gajiya? Ya muka ji da katinus? Allah shi maido shi lahiya."

Da abin ya ishe shi, ran wata Juma'a ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani, ya ce zai je Aliero gaida surukai. Balaraba ta dube shi tun daga rawani har takalmi.

"Gaisuwa kaɗai?"

"Gaisuwa kaɗai."

"To, ka gaishe min da shi in kun haɗu."

Alhaji Kalilu ya tarbe shi hannu bibbiyu. Mutum ne mai fara'a, mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, wanda ya yi imani cewa babu ciwon da albasa ko kyauta ba ta magani. Aka shimfiɗa darduma a inuwar zaure na ciki, inda ake hango tsakar gida. Aka kawo abinci cikin kuloli har huɗu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka sake tambayar iyali. Malam yana amsawa, idonsa yana yawo: kan katanga, bakin madafa, ƙarƙashin rumbun albasa.

A ƙarƙashin rumbun ya gan shi. An zuba masa ƙaiƙayi, an gyara masa zama tsakanin duwatsu biyu. A cikinsa wata kaza ce wake-wake ta baje fukafukai, ta lumshe ido, ta kishingiɗa irin kishingiɗar da Malam bai taɓa gani ba sai a hoton littafin nan.

Lomar da ya ɗauko ta tsaya a hanya.

"Malam, ci mana," in ji Alhaji Kalilu. "Ko yaji ya yi yawa? Kulolin nan dai sun yi ko? In sun yi kaɗan a ƙaro."

"Sun yi, Alhaji. Allah shi saka. Sun yi ƙwarai." Ya haɗiye. "Wagga kaza... taku ta?"

"Ta Inna ta. Inna! Ga surukinmu na yaba kazarki!"

Inna Altine, mahaifiyar Alhaji, ta fito tana dogara sanda. Tsohuwa ce da ta wuce shekarun jin kunyar kowa. Ta zauna a bakin darduma, ta amsa gaisuwa, ta nuna rumbun da sandarta.

"Kai na mai akushi? Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Kazar ga ta wahal da ni. Na sa mata kwando ta ƙi, na sa mata tsohuwar kula ta hwasa ƙwai biyu. Ran da tag ga wanga, ko kira ban yi ba. Kayan dauri daban na. Shina riƙe ɗumi."

Shekara hamsin Malam Attahiru yana neman wanda zai faɗi wannan magana a ƙasar Kabi. Ga shi ya samu mutum biyu rana ɗaya, ɗayar tsohuwa, ɗayar kaza.

A nan ne kunya da akushi suka kama kokawa a ƙirjinsa. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙofar ɗakin da ya san 'yarsa tana bayan labule tana saurare. Ya gyara rawani. Ya yi niyyar yin shiru, ya tashi da mutuncinsa. Sai kazar ta miƙe, ta juya, ta sa ƙafa ta karci gefen akushin, ƙarar ta zo masa har cikin haƙori.

"Alhaji," ya ce, "a yi min aikin gahwara. Akushin ga na tsohona na. Ciki yac ci, ciki ubanai yac ci. Ban aiko shi don rashi ba. Na aiko shi don ba ni da abin da yaf fi shi."

Bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, mai kama da murfin tukunya. Alhaji Kalilu ya dafe kai.

"Subhanallahi! Malam, wallahi ba mu sani ba. Mu mun aza... Kai! Shafi'u! A ɗaga kazar nan yanzu!"

"A ɗaga wa?" in ji Inna Altine. Ta dasa sandarta a ƙasa. "Kaza na bisa ƙwai a ɗaga ta? Kalilu, gidan wa kag ga an yi haka? Shi tsohonai ai ya ci rabonai ya tahi. Wagga ɗiya goma sha ta ka jira. In ta ƙyanƙyashe a kai mai abinai."

Babu wanda ya taɓa cin Inna Altine a gardama, kuma ba a fara a kan suruki ba. Malam ya koma Jega ba akushi, sai buhun albasa a bayan babur, bayan ya zubar da kunyar da ya yi shekaru yana tarawa. Balaraba ta tarbe shi a zaure.

"Kun gaisa?"

"Mun gaisa."

"Shina lahiya?"

"Ya yi aure," in ji Malam, ya shige ɗaki.

Ya ci gaba da shan fura, yana jiran kaza. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin tarihin daular Rum, yanzu ba shi da labarin da yake jira sai na ƙwai. Duk wanda ya fito daga Aliero sai ya tare shi. Ɗantsoho ya mayar da abin sana'a, kullum da rahotonsa: yau ta sauka ta sha ruwa, yau ta kori zakara.

Kwana biyu bayan an ƙyanƙyashe, Shafi'u da kansa ya zo, cikin mota, da manyan kaya. Ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye wani ƙunshi cikin sabon zane, ya ajiye kwando a gefe mai 'yan tsaki biyu, domin Inna ta ce ba a mai da kwano wofi.

"Baba, Alhaji ya ce a ba ka haƙuri. Ya ce kunya ta hana shi zuwa. Ya ce ba za a maido maka shi da ƙazantar kaza ba, shi as sa anka gyara shi sosai. Mata ukku sunka kwan biyu kai."

Malam ya kwance zanen.

Sun gyara shi kuwa. An jiƙa shi da omo, an bi shi da soson ƙarfe, inda ya ƙi an sa wuƙa an kankare. Baƙin nan na mutum uku ya tafi duk. Abin da ya rage wani farin itace ne fes, mai ƙanshin sabulu, kamar yau masassaƙi ya sauke gizago. Ko a kasuwar Jega aka ajiye shi, sai an yi ciniki kafin mai kaji ya saya.

Malam ya daɗe yana juya shi a hannu. Shafi'u yana durƙushe yana jiran yabo.

"An gode," in ji Malam. "Ka ce ma Alhaji aiki ya yi kyau. Ko tsohona ya taso ba ya gane shi."

Shafi'u ya tafi da farin ciki, ya kai saƙon kamar yadda aka ba shi.

Da yamma Balaraba ta tuƙa tuwon dawa. Ta zo ta tsaya a kansa da mara a hannu, ga farin akushi a dama, ga kula ruwan gwal a hagu.

"Ina za ni zubawa? Ka san sabon itace shan miya shikai, kuma omo za ka ji har gobe."

Malam ya dubi akushin, ya dubi ƙwaryar furar da ta rame da shi. Cikinsa ya yi wata ƙara da ba Latin ba ce.

"Zuba nan," ya ce, bai nuna da hannu ba, da haɓa ya nuna.

Ta zuba a kula. Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, bai ɗago ba sai da ya ga gindin roba. Balaraba tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, kamar ba ta gani.

"Malam, ita wagga mi Rumawa ka ce mata?"

"Ba mu kai nan ba Bature yat tahi."

Yanzu idan ka bi ta bayan kasuwar hatsi da hantsi, za ka same shi a dakali da farin akushi a cinya, da ɗan gwangwanin man shanu a gefe, yana shafawa da tsumma, yana kai shi bakin hayaƙin mai ƙosai yana dawowa. Ya fara yin ja-ja, kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Ya ce kakansa ne ya fara wancan baƙin, mahaifinsa ya ƙara, shi ya ƙarasa, don haka wannan shi zai fara, ɗan Amatullahi ya ƙarasa in Allah ya kawo shi.

Balaraba ta ce Allah ya sa, amma ita jikokin da take gani yanzu a leda suke cin taliya, a tsaye. Ta kuma ce ya dinga kife akushin in zai shiga salla, domin ɗaya daga cikin 'yan tsakin nan mace ce, ta girma, kuma tun shekaranjiya take zagaya dakalin.